Robert Koch: Likitan Karkarar Da Ya Kama Ƙwayar Cuta Dumu-Dumu

Duk shekarar da darasin fassara ya faɗo a kaina, akwai wata kalma ta likitoci da nakan jefa wa ɗalibai don in ga yadda za su yi da ita, wato kalmar nan ta Ingilishi, infection. Wasu su ce cuta, wasu su ce ciwo, masu ɗan zurfafa tunani kuma su ce kamuwa da cuta. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai kuma babu wanda ya sari gaɓa. Idan Bahaushe ya ce wane ya kamu, ko kuwa cuta ta kama shi, abin da ke zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne mutum kwance, jiki ya yi zafi, ana ta yi masa sannu. Su kuwa likitoci, abin da suke nufi yakan riga wannan kwanciya da kwanaki, wani lokaci ma da shekaru: wata halitta ce mai rai, wadda ido ba ya iya gani, ta sami ƙofa ta shiga jiki, ta sami mazauni, ta soma hayayyafa, ko mai jikin ya ji ko bai ji ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ma'anoni biyu ita ce ta cinye rayuwar wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch, wanda nake so mu waiwayi tarihinsa a wannan shafi.

Su kansu Turawan ba da wannan ma'ana suka gaji kalmar ba. Asalinta daga Latin ne, inficere, wato a tsoma abu a cikin rini har ya canja launi, daga nan kuma ta ɗauki ma'anar gurɓatawa. Tsawon ƙarnuka, akasarin likitocin Turai sun ɗauka cewa annoba wani gurɓataccen tururi ne da ke tashi daga fadama da juji da mushe, ya ɓata iska, iska kuma ta ɓata mutum. Shaidar wannan tunani tana nan daskare a cikin sunan maleriya, wanda a Italiyanci yake nufin mummunar iska. Ba wai ba a san da ƙananan halittu ba ne, domin tun wajejen 1670 wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya hango su da madubin ƙara girman abu da ya haɗa da hannunsa. Abin da aka kasa yarda da shi shi ne cewa su ne ke haddasa ciwo. Idan aka same su a cikin miki, sai a ce ai mikin ne ya haife su, kamar yadda ake ganin tsutsa a jikin mushe ba tare da an ce ita ta kashe dabbar ba.

An haifi Koch ranar 11 ga Disamba, 1843, a Clausthal, wani gari na masu haƙar ma'adinai a duwatsun Harz da ke ƙasar Jamus ta yau. Ga mai son furta sunan daidai, ƙarshensa sautin maƙogwaro ne irin na harafin kha na Larabci. Shi ne na uku cikin 'ya'ya 13 na wani jami'in ma'adinai. A 1862 ya shiga Jami'ar Göttingen, inda ya zauna gaban Jacob Henle, malamin da tun 1840 ya yi rubutu yana hasashen cewa cututtuka masu yaɗuwa halittu masu rai ne ke ɗauke da su, amma ba shi da hujjar da zai nuna. Koch ya kammala karatun likita a 1866, ya auri Emmy Fraatz a shekarar da ta biyo baya, ya yi ta yawon neman abinci daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, ya kuma yi aikin likitan soja a yaƙin da aka gwabza tsakanin Jamusawa da Faransa a 1870 zuwa 1871. A 1872 ne aka naɗa shi likitan gunduma a Wollstein, garin da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Babu jami'a a kusa, babu ɗakin karatu, babu wani masani da zai tattauna da shi. Labule ya sa ya raba ɗakin da yake duba marasa lafiya gida biyu, ɗaya ɓangaren ya zama ɗakin bincikensa.

Abin da ya addabi manoman wannan yanki shi ne cutar dabbobi da makiyayanmu ke kira saifa. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, su ma Jamusawa da sunan wannan gaɓa suke kiranta, Milzbrand, wato ƙunar saifa, domin duk wanda ya feɗe dabbar da ta kashe zai tarar saifarta ta kumbura ta yi baƙi ƙirin. Makiyayin Jamus da na ƙasar Hausa ba su taɓa haɗuwa ba, amma ido ɗaya suka kalli mushen da shi. Sunan da likitoci ke amfani da shi kuwa, anthrax, gawayi yake nufi a harshen Girka, saboda baƙin ɓawon da mikinta ke yi a fatar mutum. Tun wajejen 1850 wasu masu bincike, cikinsu har da Casimir Davaine na Faransa, suka ga wasu 'yan sanduna ƙanana a jinin dabbobin da cutar ta kashe. Amma akwai tambayar da ta gagari kowa. Waɗannan 'yan sanduna ba sa daɗewa da rai idan sun bar jiki, to me ya sa akwai makiyayar da idan aka kai garke cikinta sai dabbobi su yi ta faɗuwa, alhali an yi shekaru rabon da wata dabba mai ciwo ta taka wurin?

Koch ya fara da ɓeraye. Yakan ɗauki ɗan tsinken itace ya dangwali jinin dabbar da ta mutu, ya ɗan tsaga fatar ɓera ya cusa. Kashegari sai a wayi gari ɓeran ya mutu, saifarsa cike da sandunan. Ya ɗiba daga wannan ya sa wa wani, haka har ɓeraye da dama a jere, kullum sakamako ɗaya. Amma mai jayayya zai iya cewa ai wani abu ne dabam a cikin jinin ke kisa. Don toshe wannan kafa, sai ya nemi hanyar da zai rena ƙwayar a wajen jiki. Ya samo ruwan da ke cikin idon sa daga mahauta, ya ɗiga a kan gilashi, ya sa ɗan mitsitsin saifa a ciki, ya ɗumama, ya zauna yana kallo ta madubi na tsawon sa'o'i. A gaban idonsa sandunan suka yi ta tsawo suka zama zare-zare, sannan wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli suka bayyana a cikinsu kamar tsakiya a jikin zare. Zaren ya ruɓe, ɗige-ɗigen suka saura. Waɗannan su ne irin ƙwayar, masu tauri kamar ƙwallon dabino, da ke jure fari da sanyi, kuma yanzu an san suna iya kwanciya a cikin ƙasa shekaru gommai. Da ya mayar da su cikin sabon ruwan ido, sai suka tsiro suka koma sanduna. Da ya yi ta sauya musu mazubi har babu sauran ɗigon jinin asali, ya sa wa ɓera, ɓeran ya mutu da saifa.

A ƙarshen Afrilu 1876 ya kwashi gilasansa da ɓerayensa ya shiga jirgin ƙasa zuwa Breslau, wurin Ferdinand Cohn, babban masanin tsirrai da ƙananan halittu. Kwanaki ya yi yana maimaita gwajin a gaban malaman jami'a, Cohn kuma ya buga aikin a mujallarsa a wannan shekara. Wannan shi ne karo na farko da aka bi rayuwar wata ƙwaya guda daga farko har ƙarshe aka kuma ɗaure ta da cuta guda. Darasin da ke ciki bai tsufa ba, musamman ga al'ummar da ba ta son asarar dabba. Irin nan mai tauri yana samuwa ne idan jinin dabbar ya haɗu da iska, saboda haka wanda ya yi saurin yanka saniya mai saifa ko ya feɗe mushenta, shuka ya yi a filin. Ƙofofin shigarta jikin mutum uku ne: ƙujewa a fata ga mahauci ko majemi, baki ga wanda ya ci naman, da kuma numfashi ga wanda ya shaƙi ƙurar fata ko gashi. A watan Yuli na 2023 sai da hukumomi suka tabbatar da ɓullarta a wata gona a yankin Suleja.

Shekarun da suka biyo baya, Koch ya ƙarar da su ne wajen gyara kayan aiki, abin da ba ya jawo suna amma shi ne ginshiƙin duk abin da ya zo daga baya. Ya koyi shanya ƙwayoyin a kan gilashi ya rina su da sababbin rinin da masana'antun Jamus ke yi wa masaƙa, ya kuma fara ɗaukar hotonsu, domin zane da hannu yakan bi son zuciyar mai zanen. A 1878 ya fitar da ɗan littafi a kan ruɓewar rauni, inda ya nuna a jikin ɓeraye da zomaye cewa kowace irin ruɓa da tata ƙwayar. A 1880 gwamnati ta ɗauko shi zuwa Hukumar Lafiya ta Daular Jamus a Balin, ta ba shi mataimaka biyu, Friedrich Loeffler da Georg Gaffky. A nan ya warware wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu bincike tuwo a ƙwarya. Idan aka rena ƙwayoyi a cikin romo, duk sai su cakuɗe, ba a san wane ne wane ba. Amma idan aka shafa su a kan abu daskararre, kamar yankakken dafaffen dankalin Turawa, kowace ƙwaya za ta tsaya inda ta faɗi ta tara zuriyarta a wuri guda, har a ga tsibin da ido. Daga dankali ya koma jelatin, amma jelatin yana narkewa a ɗumin jikin mutum. Wata mata mai suna Fanny Hesse, matar ɗaya daga cikin abokan aikinsa, ita ta ba da shawarar a gwada aga, wani abu da ake samu daga ciyawar teku wanda take daskarar da kayan zaƙi da shi a kicin. Har gobe da shi ake aiki a kowane ɗakin gwaji na asibiti, a cikin ɗan faifan gilashin da wani mataimakin Koch, Julius Petri, ya ƙirƙiro a 1887. Sunan Petri ya bi faifan. Sunan matar kuwa sai wanda ya tona.

Da waɗannan makamai ya tunkari tarin fuka, wanda a lokacin shi ke kashe mutum ɗaya cikin kowane bakwai a Turai. Mutane da yawa, har da manyan likitoci, sun ɗauka gadonsa ake yi. Wani likitan sojan Faransa, Jean-Antoine Villemin, ya nuna tun 1865 cewa ana iya sa wa zomo shi, amma babu wanda ya ga ƙwayar, domin jikinta lulluɓe yake da wani maiƙo mai kama da kakin zuma da ke hana rini shiga. Koch ya jiƙa naman huhu a cikin shuɗin rini da ya haɗa da ɗan ruwan toka na kwana guda, sannan ya bi shi da wani rini mai ruwan ƙasa. Naman ya yi ruwan ƙasa, wasu siraran sanduna kuma suka fito shuɗi. Mai karatu zai lura da yadda zance ya zagayo: kalmar da asalinta ke nufin rini, sai da rini aka gano abin da take nufi. Renon ƙwayar ma ya nemi haƙuri. Wasu ƙwayoyin bakteriya kan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa wannan sai ta kusa kwana guda kafin ta rabu sau ɗaya. Ya shuka ta a kan daskararren ruwan jinin shanu, ya yi ta jira kusan mako biyu kafin wani abu ya tsiro, alhali wani mai binciken da tuni ya zubar da kwanon a kwana na uku. Abin da ya tsiro ya sa wa ɓerayen Masar, suka kamu da tarin fuka. Ranar 24 ga Maris, 1882, ya gabatar da wannan a gaban ƙungiyar masana aikin jiki ta Balin, kuma wannan rana ce ake tunawa da ita duk shekara a matsayin ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya.

Daga irin wannan aiki aka tsamo sharuɗɗan da ake dangantawa da sunansa, waɗanda Loeffler ya fara jerawa a rubuce a 1884. Kafin a ɗora wa wata ƙwaya laifin wata cuta, dole a same ta a jikin duk mai ciwon, kada kuma a same ta a jikin mai lafiya. A ware ta a rene ta ita kaɗai. A sa wa lafiyayyar dabba ta kamu da wannan ciwo. Daga baya aka ƙara cewa a sake tsamo ƙwayar daga jikin dabbar. Tsari ne irin na alƙalin da ba ya yanke hukunci da jita-jita. Cikin shekaru kaɗan almajiransa suka gurfanar da ƙwayoyin maƙarau da taifot da sauransu.

Ba zan wuce ba tare da ambaton gabar da ke tsakaninsa da Louis Pasteur na Faransa ba, wanda ya girme shi da shekara 21, wanda kuma ya riga shi nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa abu ya yi tsami ko ya ruɓe. Raunin yaƙin 1870 bai warke ba, kuma kowannensu bai ƙware a harshen ɗan'uwansa ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa a wani taro a Janeba a 1882, Pasteur ya ambaci tarin rubuce-rubucen Jamusawa, mai yi wa Koch tafinta kuma ya ji kalmar recueil, wato tari, kamar orgueil, wato girman kai. Wannan labari nakan ba ɗalibaina shi duk lokacin da suka raina aikin tafinta.

A 1883 kwalara ta ɓarke a Masar, gwamnatin Jamus ta tura shi Iskandariya. Kafin ya kammala annobar ta lafa, sai ya zarce Kalkata ta ƙasar Indiya, inda a farkon 1884 ya ware wata lanƙwasasshiyar ƙwaya mai siffar waƙafi daga hanjin mamata, ya kuma same ta a cikin wani tafki da mutanen unguwa ke sha, suke wanka, suke wanki a cikinsa. Gaskiya ita ce wani Ba'italiye, Filippo Pacini, ya riga shi ganinta tun 1854, a shekarar da John Snow ya bi sawun annobar har zuwa wani famfo a Landan, amma duniya ba ta saurare su ba. Kwalara ta nuna cewa mamayar jiki ba salo ɗaya gare ta ba. Ƙwayar saifa cika jini take yi. Ta kwalara kuwa ko jinin ba ta shiga. Ta baki take bi, idan ta tsallake tsamin ciki sai ta manne a bangon ƙaramin hanji, ta riƙa fitar da dafin da ke sa hanjin ya yi ta tsiyayar da ruwa da gishirin jiki, har babban mutum ya bushe cikin sa'o'i. Koch ya yi zargin akwai dafi, amma sai a 1959 wani likita ɗan Kalkata, Sambhu Nath De, ya tabbatar da shi. Kuma tun a nan sharuɗɗan Koch suka fara tangal-tangal, domin duk dabbar da ya ɗura wa ƙwayar ta ƙi kamuwa.

Ya komo gida gwarzo, aka ba shi kyautar mak 100,000 da kujerar farfesa. Daga nan ne kuma ya yi tuntuɓen da ya fi kowane muni a rayuwarsa. A watan Agusta na 1890, a gaban babban taron likitocin duniya a Balin, ya ba da sanarwar cewa ya sami wani abu da ke tsayar da tarin fuka a jikin ɓeran Masar. Mutumin da ya koya wa duniya kada ta yarda da magana sai da hujja, shi ne ya ɓoye abin da ya haɗa maganin da shi, yana kuma sa ran samun dukiya daga gare shi. Dubban marasa lafiya suka yi tururuwa zuwa Balin, masaukai suka cika. Ba a yi wata shida ba gaskiya ta fito. Mutane suka mutu bayan allurar, Rudolf Virchow kuma, babban masanin binciken gawa, ya nuna cewa maganin bai kashe ƙwayar ba. Da aka matsa masa, sai ya bayyana cewa tubakulin, kamar yadda aka sa masa suna, ruwan ƙwayar ne kawai da aka tatsa da gilisarin. A nawa ganin ba yaudara ya shirya ba, tun da sai da ya yi wa kansa allurar ya sha zazzaɓi. Abin da ya same shi shi ne ya fara yarda da sunansa fiye da gwajinsa. A cikin wannan ruɗani ne kuma aurensa ya mutu, a 1893 ya auri Hedwig Freiberg, wadda ya girma da kusan shekara 30, mutanen Balin suka sami abin tsegumi.

Abin mamaki, maganin da ya kasa warkarwa sai ya zama ma'auni. An lura cewa wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, wurin allurar yakan kumbura ya yi ja, wanda ba ta taɓa shiga ba kuwa babu abin da ke faruwa. A 1907 Clemens von Pirquet ya mayar da wannan gwajin fata a Biyana, sai ga shi akasarin manyan mutane a biranen Turai suna nuna alamar, alhali suna yawonsu lafiya lau. Bayanin da aka samu daga baya shi ne: idan mai ciwo ya yi tari, ɗigon da ya fi ƙura ƙanƙanta yakan yi ta shawagi a ɗaki, wani ya shaƙe shi har can ƙuryar huhu. Fararen ƙwayoyin jini masu gadi sukan haɗiye baƙuwar, amma maiƙon jikinta da dabarunta sukan hana su narkar da ita, sai ta mayar da cikin mai gadin ɗakin kwananta. Jiki kan kewaye wurin da katanga, a zauna a haka, ba a ci ba, ba a yi canjaras ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu za su kwanta ciwo a tsawon rayuwarsu, galibi idan yunwa, ko ciwon sukari, ko cuta mai karya garkuwar jiki ta rushe katangar. To a Hausa, waɗannan miliyoyin mutane sun kamu ne ko ba su kamu ba?

Shekarar 1892 ta ƙara fito da tambayar fili. Kwalara ta auka wa birnin Hamburg ta kashe kimanin mutum 8,600, aka tura Koch. Hamburg tana shan ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba, maƙwabciyarta Altona kuwa, wadda gidajensu ke manne da juna, tana tace nata ta cikin yashi, kuma annobar ba ta yi mata irin wannan ɓarna ba. Duk da haka wani dattijon farfesa na birnin Munich, Max von Pettenkofer, ya tsaya kai da fata cewa ƙwayar ita kaɗai ba ta isa ba, sai yanayin ƙasa da ruwan ƙarƙashinta sun ba ta dama. A watan Oktoba na wannan shekara, yana da shekara 73, ya sha wani gishiri mai kama da kanwa don ya kashe tsamin cikinsa, sannan ya kwankwaɗi ruwa mai cike da ƙwayar kwalara a gaban shaidu. Gudawa kawai ya yi na 'yan kwanaki ya miƙe. Ya ɗauka ya kayar da Koch, amma an sami ƙwayar jingim a bayan gidansa. Wato ta shiga, ta zauna, ta hayayyafa, ta fita neman wani, ciwon ne kawai bai yi tsanani ba. Dattijon ya yi kuskure game da ƙasa, amma ya yi daidai da ya ce shigar ƙwaya ba ita ce ƙarshen zance ba: yawan abin da ya shiga, da ƙarfin ƙwayar, da halin da ta tarar da jikin, duk suna da ta cewa.

Abin da nake yaba wa Koch a nan shi ne bai rufe ido ba. Binciken da aka yi a wannan annoba ya nuna masa lafiyayyun mutane ɗauke da ƙwayar kwalara, ya kuma karɓi hakan ko da yake ya karya sharaɗinsa na farko. A tsibirin Niyu Gini, wajejen 1900, ya tarar jinin yara cike da ƙwayar maleriya, manya kuma sun sami wata irin juriya, ya ba da shawarar a riƙa gwada jinin kowa a ba duk mai ɗauke da ita kwinin. A 1902, da ya jagoranci yaƙi da taifot a yankin Trier, ya bayyana cewa mutumin da ya warke ko wanda bai taɓa kwanciya ba yana iya ci gaba da yaɗa ƙwayar, wadda yanzu aka san takan ɓuya a matsarmama. Wannan fahimta ita ce tushen bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai ciwo, abin da kowa ya ga amfaninsa lokacin korona a 2020.

Sai dai fahimtar tana da ɗaya fuskar, kuma Afirka ce ta gan ta. Idan lafiyayyen mutum zai iya zama rumbun cuta, to mai mulki ya sami hujjar tsare shi. Koch ya sake zuwa nahiyar a 1896, lokacin da aka gayyace shi Afirka ta Kudu saboda bushiya, annobar da 'yan shekaru kafin nan ta share garkunan Fulani a Afirka ta Yamma. Bai ga ƙwayarta ba, domin bairos ce, jinsin da ya fi ƙarfin madubin wancan zamani, amma ya fito da wata rigakafi daga ruwan matsarmamar dabbar da ta kamu. A 1905 aka ba shi kyautar Nobel saboda aikinsa a kan tarin fuka. A 1906 ya tafi tsibiran Sese da ke Tafkin Biktoriya, inda ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke sa wa mutum ta hanyar cizo, ya kashe mutane fiye da 200,000 a yankin. Ya yi ta yi wa jama'a allurar wani magani mai suna Atoxyl, wanda ke ɗauke da gubar asanik. Maganin yakan kori ƙwayar daga jini na ɗan lokaci, ya ƙara yawansa, wasu marasa lafiya suka makance har abada. Irin wannan gwaji dokar Jamus ba za ta bar shi ya yi wa Bajamushe a gida cikin sauƙi ba. Ya kuma ba da shawarar a killace masu ɗauke da ƙwayar a sansanoni, aka kuwa kafa irinsu a yankunan da Jamus ke mulka, har da Togo da Kamaru. Duk wanda ke mamakin abin da ya sa wasu al'ummun Afirka ke ɗari-ɗari da allurar da ta zo daga waje, ya kamata ya san wannan babi.

Akwai wani kuskuren da ya tafi da shi kabari. A wani taro a Landan a 1901 ya ce tarin fukan shanu ba wata barazana ba ce ga ɗan Adam, don haka babu buƙatar wahalar da kai a kan madara da nama. Joseph Lister ya ja da shi nan take, binciken da hukumomin Ingila suka yi daga baya kuma ya tabbatar da cewa yara suna ɗaukarsa ta madarar da ba a dafa ba.

Ciwon zuciya ya kama shi a watan Afrilu na 1910, ya mutu ranar 27 ga Mayu a garin Baden-Baden yana da shekara 66. An ƙone gawarsa kamar yadda ya yi wasiyya, tokar kuma tana ajiye a cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa da aka kafa dominsa a Balin a 1891, wadda har yau take ɗauke da sunansa. Maganin farko da ya iya kashe ƙwayar da ya gano, streptomycin, sai a 1943 aka samo shi. Rigakafin BCG kuwa, wanda ya bar wa yawancinmu tabo a damtse tun muna jarirai, an fara amfani da shi a 1921. Almajiran Pasteur biyu ne, Albert Calmette da Camille Guérin, suka haɗa shi, daga ƙwayar tarin fukan shanu.